Wanka da gari ba ya maganin yunwa: maganar filastar sanyi da ake manna wa ɗiyanmu a goshi



Duk mai waya a Agadas ya ci karo da tallar nan. Hoton jariri yana barci, an manna mishi wata filasta shuɗiya a goshi, ƙasan hoton an rubuta: tana sauke masassara nan take, ba sha, ba allura, ba illa. Daga WhatsApp ta shiga TikTok, daga nan ta sauka kan teburin masu tallan magani, yanzu har cikin kayan barka ake saka ta tare da sabulu da hoda. Wanda ya kai ta gidan suna, kallon wayayye ake mishi.

Bari in faɗi magana tun da fari, ba kwana-kwana: filastar nan ba ta sauke masassara. Goshi take sanyayawa, goshin ma fatar sama. Wanda ya sayar miki da ita da sunan maganin zazzaɓi, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani ya yi shiru. A garin da ake fama da masassarar cizon sauro da sanƙarau, irin wannan shirun yana iya cin rai.

Mi ke cikin filastar?

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Japan kamfanin Kobayashi ya fito da irinta kasuwa a 1994, daga baya wasu kamfanoni suka kwaikwaya, har ta iso mana a kwalaye iri-iri. Ƙyalle ne siriri da aka shafe da wani danƙo mai riƙe ruwa. Mafi yawan abin da ke cikin danƙon ruwa ne, sai sinadarin hana ruɓewa, sai launi, kuma da yawansu akwai mantol, wato sinadarin nan da ke cikin minti da man zafi.

Ɗan Agadas ba ya buƙatar a yi mishi dogon bayanin yadda take aiki, don ya san salka. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin fata, iska tana kwashe shi, na ciki yana yin sanyi. Haka ruwan filastar yake tashi ya tafi da ɗan zafin fatar da ke ƙarƙashinta. Shi kuma mantol ruɗin jijiya yake yi. Ka tsotsi minti ka sha iska, za ka ji bakinka kamar firigo, alhali zafin bakin yana nan inda yake. To salka dukan jikinta ke tsattsafo, ita kuwa filastar ba ta kai tafin hannu ba. Ga iskarmu busasshiya. Awannin da aka rubuta a bayan kwali, ba da ranar watan Mayu ta Abzin aka auna su ba.

Ita masassara daga ina take fitowa? Daga ciki. Akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da ke riƙe zafin jiki wajen digiri 37. In ƙwayar cuta ta shiga, shi ne ke ɗaga ma'aunin da gangan zuwa 38, 39 ko sama, don jiki ya yi faɗa da ita. Shi ya sa za ka ga yaro jikinshi kamar garwashi amma yana kyarma yana neman bargo. Ƙyalle a goshi ba ya taɓa wannan sashen, ba ya taɓa jini, balle ya taɓa ƙwayar cutar da ke cikin jinin. Farasetamol aƙalla yana isa can ya sassauta ma'aunin, shi ma ɗin ba ya kashe cuta, sauƙi yake kawowa.

Ku tambayi direbobin hanyar Dirku. In jar fitila ta kama a gaban mota, wane direba ne zai manna mata filasta don kar ta dame shi, ya kutsa Tenere? Tsayawa yake ya buɗe gaba ya duba. Masassara ita ce jar fitilar jikin yaro. Abin da ba za mu yi wa Hilux ba, shi muke yi wa ɗiyanmu.

“Ai ba ta da illa”

Wannan ita ce kalmar da ke sayar da ita, kuma ba gaskiya ba ce.

A 2004, a Hokkaido ta ƙasar Japan, an manna wa wani jariri ɗan wata huɗu irin filastar nan. Uwar ta ɗan tashi zuwa wani aiki. Kafin ta dawo filastar ta zamo daga goshi ta rufe mishi hanci da baki. Bai mutu ba, amma ƙwaƙwalwarshi ta taɓu ƙwarai saboda rashin numfashi. Hukumar kare masu saye ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a shekarar. Wannan a ƙasar da aka ƙirƙiro abin ke nan, inda uwa ke iya karanta duk abin da aka rubuta a kwali. Mu fa? Kwalayen da ke zuwa mana, wani da rubutun Sin, wani da Ingilishi, wani da Larabci. Gumi yana sassauta danƙon, yaro yana juyi, kuran ya ɗauke, ɗaki duhu, uwa ta yini tana aiki barci ya sace ta. Jariri ɗan wata uku ba shi da hannun da zai cire abu daga hancinshi.

Yaron da ya fara wayo kuma ɓamɓare ta yake ya kai baki, yana iya shaƙe shi. In ya murza ta ya murza ido, mantol ya yi mishi yaji. Fatar da ke da ƙurajen zafi ko ƙyasbi ko ɗan rauni, danƙo da turaren da ke ciki suna iya sa ta ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta tashi. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: a yankinmu na Afirka ta Yamma akwai jarirai da dama da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Tun 1980 likitocin yara a Legas, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya na Najeriya, suka nuna alaƙa tsakanin hoda mai mantol da ake barbaɗa wa cibiyar irin waɗannan jarirai da shawara mai tsanani. Binciken a kan hoda aka yi shi, ba a kan filasta ba. Amma ya isa ya sa mai hankali ya nisanta sabon haihuwa da duk wani abu mai mantol. Mai tebur ya san jaririnki yana da wannan matsalar? Ke kanki kin sani?

Babbar illar ita ce daren da take ci

Duk waɗannan ƙanana ne a kan wadda zan faɗa yanzu. Uwa ta manna filasta bayan magariba. Bayan isha ta ɗora hannu a goshi, ta ji sanyi, ta ce alhamdu lillahi jiki ya yi sauƙi. Uba ya dawo daga fada ya tambaya, an ce da sauƙi. Aka kwanta. Wurin da muke aunawa da hannu, shi kaɗai ne wurin da filastar ta sanyaya. A cikin jini kuwa ƙwayar cizon sauro tana ta fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Masassarar cizon sauro irin wadda ta fi yawa a Nijar tana iya rikiɗewa ta yi tsanani cikin kwana guda, musamman ga ƙaramin yaro: jini ya ƙare, jijjiga ta zo, yaro ya fita hayyacinshi. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarun nan suna saka Nijar cikin ƙasashe huɗu da suka kwashi fiye da rabin mace-macen cutar a duniya baki ɗaya, tare da Najeriya da Kwango ta Kinshasa da Tanzaniya. Kuma a Afirka wajen uku cikin huɗu na masu mutuwar, yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar.

Na san abin da wani zai ce: wannan ai maganar Gaya ce da Maraɗi, mu nan hamada muke. Wanda ya ga Telwa ta kawo ruwa a watan Agusta, ya ga kududdufan da ke kwanciya cikin unguwanni bayan ruwan sama, ya kwana a garake na Dabaga ko Tabelot, ba zai faɗi haka ba. Hasali ma inda cutar ke zuwa ɗan lokaci ta wuce, jikin mutane bai saba da ita ba kamar na ƴan kudu, saboda haka in ta kama, babba ma tana iya kayar da shi. Ƙara da cewa Agadas mahaɗa ce. Daga Damagaram, daga Tawa, daga Kano, daga wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten, mutane na shiga suna fita kullum, kowa da abin da ya ɗauko a jininshi.

Kuma ba cizon sauro kaɗai ke zuwa da zafin jiki ba. Sanƙarau da masassara yake farawa, kuma ba mu manta 2015 ba, lokacin da ya kama dubbai a ƙasar nan ya kashe ɗaruruwa. Ƙyanda da masassara take farawa. Ciwon haƙarƙari na yara, haka. Akwai kuma bugun rana na watannin Afirilu zuwa Yuni, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Shi bugun rana sanyayawa yake so da gaggawa, amma ta dukan jiki: inuwa, a tuɓe kaya, a zuba ruwa, a yi fifita, a ruga gidan likita. Ƙyallen da bai kai tafin hannu ba, nan ma ba shi da abin yi. Ciwo biyar, kowane da maganinshi daban, amma mai talla ya ce filasta ɗaya ta ishe su. Wanka da gari ke nan, yunwa tana nan.

Masu kare ta suna cewa: ai har a farmasi ana sayarwa, kuma Turawa ma suna amfani da ita. Ƙwarai. A farmasi ana sayar da auduga da man shafawa, bai sa sun zama maganin zazzaɓi ba. Babba mai ciwon kai da ya manna ta don ya ji daɗi, ba ruwana da shi, kuɗinshi ne. Yaro mai wayo da an riga an gwada shi, an san ciwonshi, yana shan maganinshi, aka manna mishi ido na kanshi don ya ɗan lafa, wannan ma da sauƙi. A ƙasashen da ake kafa hujja da su, uwa tana da ma'aunin zafi a gida, likita yana kusa, kuma sauron da ke kashe ɗiyanmu ba ya cizon nasu. A Ingila ma ƙa'idar da likitoci ke bi ba ta ba da shawarar a dinga goge yaro da ruwa don sauke masassara ba, saboda sanyaya fata ba shi ne magani ba. Mu mun ɗauko ƙyallen, mun baro ma'aunin da likitan a can.

Kar a bar jaki a daki taiki

Ba zan zagi uwaye ba. Macen da ta sayi filastar nan, son ɗanta ya sa ta saya. Lissafi ta yi: kuɗin adaidaita zuwa CSI da dawowa, layi tun safe, wa zai tsare sauran yara, wa zai tsare sana'a. Tun 2006 ƙasar nan ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Doka ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka. Amma kowa ya san an daɗe ana kukan jinkirin biyan gidajen likita kuɗin wannan kyautar, kuma in kuɗi ba su zo ba, kanta takan bushe. Nawa ne cikinmu suka taɓa kai yaro, aka duba shi kyauta, aka miƙo takarda aka ce a je waje a sayo? Uwar da aka yi wa haka sau biyu, karo na uku wajen mai tebur za ta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kasuwar filastar nan a kan wannan ramin aka gina ta.

Sai maganar sa ido. Ta ina kwalayen nan suke shigowa? Ta Asamaka, ta hanyar Libiya, ta Kano da Damagaram, a bayan manyan motoci, kwana da kwanaki cikin rana. Wa ya duba abin da ke ciki? Wa ya duba ranar ƙarewar wa'adi? Muna da ma'aikatar lafiya, muna da ONPPC, muna da ɗakin gwaji na LANSPEX a Yamai, muna da duwan a kan iyakoki. A Janairun 2020 Nijar ta shiga yarjejeniyar Lome ta yaƙi da jabun magunguna. Kuma mu ba baƙin wannan masifar ba ne. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu a ƙasar nan. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau a Nijar. A maƙwabta, siro na fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, a Gambiya kuma siro na tari ya kashe yara wajen 70 a 2022. Ban ce filastar sanyi guba ce irin waɗancan ba. Cewa nake ƙofar da take shigowa babu mai tambayarta, ita ce ƙofar da waɗancan suke bi. Teburin da ke ɗauke da ita, shi ke ɗauke da siro da ƙwayoyin da ake bai wa yaron nan in filasta ta kasa.

Sai mu kanmu, matasan birni, masu takardu, masu dogayen wayoyi. Tsohuwar da ke ƙauye ba ita ta kawo abin nan ba. Mu muka kawo. Mu ke oda, mu ke ɗora tallar, mu ke turawa cikin gurup na dangi. Muna yi wa kakanninmu dariya don suna turara yaro in yana jijjiga, sai ga mu muna manna mishi ƙyalle mai hoton ƙanƙara muna jin mun waye. Ita kaka aƙalla ba riba take nema ba. Ƴar uwa mai saide-saide a intanet, neman halak ba laifi ba ne, ga rashin aikin yi ya yi mana katutu. Amma turare da atamfa daban, lafiyar jariri daban. In kika rubuta “tana sauke masassara” don kaya su fita, wata ta yarda da ke ta kwana da yaro a gida, da hannunki a cikin abin da ya biyo baya, ko ba wanda ya sani.

Ku kuma maza, ina kuke? Awa huɗu muna fada muna shayi muna warware rikicin duniya, amma ɗaukar yaro zuwa gidan likita an bar wa mace. Kai ke da babur. Kai ke da kuɗin mai. In an ce maka jikin yaro da zafi, kar ka aiko da jikka ɗaya ka ce a sayo filasta. Tashi ka kai shi.

To in yaro ya yi zafi yau da dare, mi za a yi?

A auna shi da ma'aunin zafi, a hammata. Kuɗin kwali biyu ko uku na filasta, gara a tara su a sayi ma'auni ɗaya da zai yi shekaru a gida. A rage mishi kaya, kar a lulluɓe shi. A ba shi nono ko ruwa a kai a kai. In yana jin jiki, farasetamol na farmasi gwargwadon nauyinshi, kamar yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa, ba fiye da sau huɗu a kwana ɗaya ba. Kar a ba yaro asfirin. Sannan a kai shi a gwada jini kafin kwana ɗaya ya cika. Gwajin gaggawa na cizon sauro ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san inda aka dosa. In cutar ce, maganinta na kwana uku ne, a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa.

Akwai kuma alamun da ba a jiran safiya. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafinshi ya kai 38. Yaron da ya ƙi nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinshi. Jijjiga ko taune-taune. Barcin da ake tashinshi da ƙyar. Wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura. Numfashi da sauri, haƙarƙari na lotsawa. Tafin hannu ya yi fari fat, ko ido ya yi rawaya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan, a ɗauke shi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, zuwa CSI mafi kusa, ko cibiyar uwa da yaro, ko babban asibitin jiha.

Abin da muke nema

Hukumar lafiya ta jihar Agadas ta fito ta yi magana a kan filastar nan a gidajen rediyo, da Hausa da Tamajak da sauran harsunan jihar, don uwar da ba ta karatu ta ji da kunnenta. A hana tallata ta da sunan maganin masassara. Duk kwalin da za a sayar ya zo da gargaɗi cikin harshen da ake karantawa a ƙasar nan, kuma masu farmasi su faɗa wa mai saye baki da baki cewa ba a barin jariri da ita. Kayan gwaji da maganin cizon sauro su isa kowace CSI da kowane ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye kafin ruwan farko ya sauka, ba bayan asibiti ta cika ba. A biya gidajen likita kuɗin kyautar yara a kan lokaci. Kwamitocin kula da gidajen likita na unguwanni kuma namu ne, mu shiga ciki, mu tambayi lissafi.

Naka aikin bai kai wannan wuya ba. In ka ga tallar a wayar wani, yi mishi magana a keɓe cikin mutunci, ƙila bai sani ba. In za ki gidan barka, saka ma'aunin zafi ko gidan sauro cikin kayan maimakon kwalin filasta. Ku tura wannan rubutun cikin gurup na dangi, can ɗin da tallar ta fara shiga. Wanda kuma ya san gidan likitar da kayan gwaji suka yanke, ya faɗi unguwar da ranar, mu tattara mu kai inda ya dace.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya raya mana ɗiyanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.